Furojet ɗin shekarar ƙarshe: wa zai tambayi 'yan acaba yadda suke kwana?

Zainab Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka riga mu gamawa. Ina aji huɗu a sashen nazarin halayyar ɗan'adam, an ba mu mako biyu kowa ya kawo maudu'in furojet. Tun ina aji biyu abin da ke raina shi ne yaranmu 'yan acaba da aka raba da sana'arsu. Kun san tun Fabrairun 2020 aka fara taƙaita su a Legas, sannan ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana su gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa. An sha maganar cunkoso da tsaro da baburan da aka murƙushe, amma ban taɓa jin an tambayi yaron da babur ya fita hannunsa abin da ke cin sa a rai ba. Na kai wa malamin da ke duba ni, ya ce maudu'in ya yi kyau amma ya fi ƙarfin digirin farko, in raba wa ɗalibai 300 takardar tambayoyi a cikin makaranta in huta. Raina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bi maganar malaminki. Ni ma na yi wannan zafin kan a lokacina. Daga ƙarshe abin da na rubuta shi ne alaƙar yawan zama a Instagram da yadda ɗalibi ke ganin darajar kansa. Na fitar da adadin mutanen da zan tambaya da lissafin Taro Yamane, na raba takardu a ɗakin lakca, na zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, mako uku na gama babi na huɗu. Yana can a kan kanta ƙura ta rufe shi, naki ma can za shi. Mu da yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wa wata takwas cur ba mu da lokacin gyaran duniya. Karɓi takardarki tukuna. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Hafsat:
Kai Yaya Sadiq, ka cika sare wa mutum gwiwa.

Sadiq:
Gaskiya ce Hafsat, ɗaci gare ta.

Zainab Agege:
Yaya Sadiq, da ban gwada ba da na bi taka. Bari in gaya muku abin da ya hana ni barci. Ranar Asabar na sa yayana ya raka ni teburin wani mai shayi a unguwarmu, inda yaran ke taruwa bayan isha'i. Na tafi da PHQ-9, ma'aunin nan na ciwon damuwa mai tambaya tara, kowace amsa daga 0 zuwa 3, jimilla 27. Na fassara ta da kaina a hanya. Wani yaro ya yarda, ɗan wajen Sakkwato, bai wuce ashirin da biyu ba. Na ce a mako biyun da suka wuce kana jin ba ka sha'awar komai? Ya ce lafiya lau. Kana jin ka gaza, ko ka ba iyayenka kunya? Ya ce Alhamdulillahi. Tambaya ta biyu a Turance tana da wata kalma mai nufin mutum ya yi ƙasa, na faɗe ta haka, ya dube ni ya ce, “Ƙasa ina, Hajiya?” Duk teburin aka kwashe da dariya. Da na haɗa makinsa, 2 ya samu. A takarda, ya fi ni lafiya.

Na ninke takardar na sa a jaka, yayana ya ce a ƙara masa shayi da burodi. Sai ya fara magana shi kaɗai, yana juya cokali a kofi. Babur ɗin da aka kama ba nasa ba ne, na biya-da-kaɗan-kaɗan ne, saura wata uku ya gama biya. Har yau mai babur yana bin sa. Wata huɗu ke nan bai kira gida ba, don ya san abin da innarsa za ta fara tambaya. Ya ce in ya kwanta, tsakiyar kansa zafi yake kamar an ɗora garwashi, wani lokaci ya ji kamar wani abu na tafiya a ciki, sai asuba barci ke ɗaukar sa. Bai ce damuwa ba ko sau ɗaya. Zafin kai ya ce, da tunani.

To ku gaya mini, 2 ɗin nan zan kai wa malamina ko abin da na ji bayan na rufe takarda?

Bashir:
Zainab, kin riga kin samu furojet ɗinki, ba ki gane ba ne. Maudu'inki ba “kashi nawa na 'yan acaba ke da ciwon damuwa” ba ne, wannan kam malaminki ya yi gaskiya, ba ki da kuɗi ko lokacin da za ki ƙirga su. Maudu'inki shi ne tazarar da ke tsakanin 2 ɗin nan da garwashin da ke kansa: da waɗanne kalmomi saurayi Bahaushe ɗan ci-rani ke faɗin ƙuncinsa, kuma me ya sa ma'aunin bai kama su ba.

Kuma ba ke kika fara cin karo da wannan ba. A 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa da kukan zafi a ka da jin abu na tafiya a cikinsa, karatu ya ƙi shiga. Ya kira abin gajiyar ƙwaƙwalwa. Har yau masana na gardama ko cuta ce mai zaman kanta ko kuwa damuwa da fargaba ne suka sa rigar jiki. A Zimbabuwe suna da kalmar kufungisisa, wato yawan tunani, kuma a kanta Dixon Chibanda ya gina shirinsa na kakanni mata da ke zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane. Ita PHQ-9 ba banza ba ce, Farfesa Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun gwada ingancinta a Najeriya tun 2006, amma a kan ɗaliban jami'a suka gwada. Ɗalibin jami'a ya saba da cike takarda. Yaronki bai saba baƙuwa ta tambaye shi sirrin zuciyarsa a gaban abokansa ba.

Anti Rabi:
Wannan ta ƙarshen ita ce. Zainab 'yata, kin yi ƙoƙari, amma kin yi kuskure biyu, kuma gara ki ji daga bakina. Na farko, a gaban mutane kika tambaye shi. Wane ɗa namiji ne zai ce “na ba iyayena kunya” mai shayi na ji, abokai na ji? Ko a asibiti, in uba na tsaye a ɗaki, amsa ɗaya muke samu, in ya fita mu samu wata.

Na biyu ya fi girma. Tambaya ta tara fa? Wadda ke cewa ko kana jin gara ka mutu. Kin yi masa ita?

Zainab Agege:
Na tsallake ta, Anti. Bakina ya kasa.

Anti Rabi:
To da kin yi, ya ce miki e, me za ki yi masa a teburin mai shayi da ƙarfe tara na dare? Shekara goma sha shida ina aikin jinya a ɓangaren ƙwaƙwalwa, abin da na fi tsoro ke nan da furojet ɗin ɗalibai. Ku buɗe ciwo ku tafi da maki, ku bar mutum da shi a buɗe. Tambayar kanta ba ta sa wa mutum tunanin, wannan an daɗe da sani, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. Amma dole kafin ki fita ki san inda za ki kai shi da wanda za ki kira. Shi ya sa ake bi ta kwamitin ɗa'ar bincike, ba don a wahalar da ku ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, suna da sashen yara da matasa a Oshodi, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan Idi-Araba. Ki rubuta wannan a babi na uku, baƙi da fari.

Kuma ki tsaya kan masu shekara 18 zuwa sama. Ƙasa da haka sai da izinin uba ko waliyyi, ke kuwa ina za ki ga uban yaron da ya baro Illela a bayan tirela?

Auwal Mile 12:
Ni ina da ja, ku yi haƙuri. Ina aji uku, kuma duk hutu ina rumfar babana a kasuwa, da 'yan dako nake wuni. Tsorona shi ne abin da za a yi da sakamakon. Yau ka rubuta cewa yaran arewa a Legas na fama da damuwa suna shan ƙwaya don su iya aiki, gobe wani ya ɗauka ya ce ga shi 'yarsu ma ta faɗa, mahaukata ne 'yan ƙwaya, a kwashe su a mai da su garinsu. Mu da muka ga rikicin Mile 12 na Maris ɗin 2016 mun san yadda ƙaramar magana ke zama wuta. Ana neman mu da laifi, mu kuma mu kai kanmu da hujja a rubuce?

Sadiq:
Ka ga wani dalilin kuma. Instagram ba ta taɓa jawo wa kowa rikici ba.

Bashir:
Auwal, tsoronka na kan hanya, amma duba alƙaluman da ke ƙasa. Binciken shan ƙwaya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, wanda ya fito a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da aka duba. Shiyyar da ta fi yawa kudu maso yamma ce, kashi 22.4 cikin ɗari. Arewa maso yamma kashi 12. Amma ka tambayi mutumin titi, zai ce maka Kano ce hedikwata, saboda rahoton BBC na 2018 kan maganin tari mai kodin ya zauna wa mutane a ka. Ka ga bincike ne ya wanke mu a nan, ba shiru ba. In ba mu rubuta kanmu ba, wani zai rubuta mu, kuma ba zai zauna shan shayi da kowa ba.

Auwal Mile 12:
Na ji, Yaya Bashir. Amma wa ke karanta alƙaluma? Kanun labari ake karantawa.

Ni abin da nake so in yi in Allah ya kai mu baɗi, barci ne. Barci kawai. Motocin tumatir da albasa cikin dare suke isowa. Yaro ya yi sauke tun ƙarfe biyu, ya yi dako har azahar, ya kwanta a kan buhu cikin hayaniya da sauro, ruwan sama ya tashe shi. Akwai wanda na sani, in ya ɗora kwando a ka sai ka ga idonsa a buɗe amma ba ya ganin ka. Kowa ya san me ya haɗiya da shayinsa. Na tambaye shi, ya ce, “Auwal, ba don daɗi ba ne, don ƙafa ta ɗauke ni ne.” In na auna awa nawa suke barci da yadda hakan ke taɓa fushinsu da mantuwarsu, ban zagi kowa ba, kuma shugabannin kasuwa za su iya yin wani abu a kai, ko rumfar kwana ce.

Anti Rabi:
Auwal, wannan tunanin manya ne. Mutumin da ba zai taɓa ce maka yana cikin damuwa ba zai ba ka labarin barcinsa na awa guda. Mu ma ta nan muke shiga. Allah ya yi maka albarka.

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, na ga har yanzu ba wanda ya ambaci Allah a cikin maganin. Ku 'yan boko in kun tashi, komai sai ku mai da shi cuta mai suna da Turanci. Yaron da ya rasa sana'a, bashi ya hau kansa, ya yi nisa da mahaifiyarsa, ba mahaukaci ba ne. Jarrabawa ce ta same shi. Abin da yake bukata a tuna masa da haƙuri da salla, jama'a su taimaka masa da jari. In kun ce masa yana da ciwon ƙwaƙwalwa kun ƙara masa wani kayan a kan wanda yake ɗauke da shi. Wa zai ba shi 'yarsa in an ji ya taɓa zuwa Yaba?

Zainab Agege:
Allah ya gafarta Malam, ba mu ce mahaukaci ba ne. Ni ma abin da nake gudu ke nan.

Malam Nasiru:
Ke ba ki ce ba, 'yata, amma unguwa za ta ce. A Legas ɗin nan in an ce wa mutum “Yaba” an gama zagin sa.

Anti Rabi:
Malam, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Ba kowane baƙin ciki ne cuta ba, kuma jari ya fi ƙwayar magani amfani ga wanda yunwa ce matsalarsa. Amma bari in ba ka abin da idona ya gani. Wata uwa ta kawo mana ɗanta, shekararsa goma sha tara. Shekara biyu ana yawo da shi, an ce aljanu ne, an ce sammu ne, an sayar da akuya an sayar da keken ɗinki. Da na ɗaga ƙafar wandonsa zan duba shi, sai ga zobe fari a idon sawunsa duka biyu, inda mari ya ci fata ya warke. Uwar ta ga na gani, ta sunkuyar da kai ta ce, “Don kada ya ɓata ne.” Ba muguwa ba ce, Malam, ta rasa yadda za ta yi ne. Bayan wasu makonni a kan magani ya dawo yana gaishe ni da sunana, yana tambaya ko zai iya komawa makaranta. Shekara biyun nan fa, wa zai biya shi? Kuma ba ka manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, da yawansu da sarƙa a ƙafa.

Malam Nasiru:
Subhanallahi. Hajiya, wannan ba ruƙiyya ba ce, zalunci ne, kuma duk malamin kirki zai gaya miki haka. Ruƙiyya karatun Alƙur'ani ce, babu duka babu sarƙa. Ni kaina in aka kawo mini yaro na ga yana magana shi kaɗai, ko ya kwana uku bai runtsa ba, cewa nake a kai shi asibiti mu kuma mu ci gaba da addu'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauka mu ne matsalar. Mutanen nan wajenmu suke fara zuwa kafin su zo wajenku, ko kun so ko kun ƙi.

Bashir:
Malam, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce abin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane tun 1954. A Aro, maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, su zo asibiti da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Turawa suka riƙa zuwa kallo. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Yau ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa kanta na cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ko da muna so, ba za a iya ba sai da ku.

Hafsat:
Tunda an zo nan bari in faɗi nawa, ko da yake ina aji biyu, da saura. Ni 'yan mata nake so in duba, abin nan da ke faruwa a makarantun kwana, yarinya ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin a jima goma sun faɗi. Mamata ta ba ni labarin zamanin Sumbuka a Kano a tsakiyar shekarun 1990, ni ma na gani da idona a makarantarmu muna aji biyar, daf da jarrabawa. Ba ina so in tabbatar ko in ƙaryata aljanu ba ne, Malam kada ka harare ni. Ina so in san me ya sa ya fi zuwa lokacin jarrabawa, me ya sa ya fi kama 'yan mata, kuma me yarinyar ke faɗa a cikin ihun wanda ba ta isa ta faɗa da bakinta ba. Wadda ta fara faɗuwa a ajinmu, daga baya muka ji an sa mata ranar aure da wanda ba ta so.

Malam Nasiru:
Ban harare ki ba. Aljanu gaskiya ne, suna cikin Alƙur'ani. Amma ba duk wadda ta faɗi ce ke da su ba, wannan mu ma mun sani. Ki yi karatunki.

Sadiq:
To duk na ji. Lambo, Zimbabuwe, Sumbuka. Tambayata ɗaya: bayan an gama, sai me? Mu nawa muka karanta wannan kwas ɗin? Ni ga ni a shagon POS a Obalende. Da digirin farko ba mai barin ka ka duba mara lafiya, sai ka yi digiri na biyu a ɓangaren asibiti, ka yi horo, sannan ka fara neman gurbin da babu. Ku faɗa wa yaran nan gaskiya.

Bashir:
Gaskiya ne, digirin farko ba ya mai da kai mai duba marasa lafiya. Amma ƙofa ba ɗaya ba ce. A Jami'ar Ibadan akwai cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa da Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa, suna ba da digiri na biyu, kuma ba likitoci kaɗai suke ɗauka ba. Sannan doka ta canza. Har zuwa Janairun 2023 da dokar mahaukata ta 1958 muke aiki, sai a lokacin Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta yi maganar haƙƙin mara lafiya da yardarsa kafin a yi masa magani. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, ban musa ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Duk ranar da aka tashi aikin nan da gaske a arewa ko a zangon Legas, za a nemi wanda ya iya Hausa ya kuma iya bincike. Mu nawa ne?

Sadiq:
Allah ya kai mu ranar. Kafin nan a zo a cire kuɗi a wajena.

Zainab Agege:
Ni dai ba don aiki na ɗauko wannan ba, Yaya Sadiq, kodayake ina so. Babanmu da acaba ya fara a garin nan kafin ya samu shago. Da a zamaninsa aka yi hanin nan, yaron teburin mai shayin nan shi ne babana.

Malam Nasiru:
Zainab, tunda kalmomi kike nema, ga wata gudummawa. A cikin addu'ar da Annabi ya koyar akwai neman tsari daga hammu da hazan. Malamai sun ce hammu shi ne damuwar abin da ke gaba, hazan kuma baƙin cikin abin da ya wuce. Kin ga tun can an raba su biyu. Kuma Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. In yaro ya ji tsoron a ce masa mara tawakkali, ki tuna masa wannan, bakinsa zai buɗe. In kina so, bayan sallar Juma'a zan yi wa waɗanda ke salla a wajenmu bayani, wanda ya yarda ya same ki a ajin Islamiyya, ƙofa a buɗe, yayanki na waje.

Anti Rabi:
Madalla da Malam. Sharaɗi ɗaya: kai ma kana waje. Kuma wanda ya ƙi, kada a ce ya ƙi maganar Malam.

Malam Nasiru:
Hajiya ba kya raga wa kowa. Na yarda.

Zainab Agege:
Salam, na dawo da labari. Yau na koma wajen malamina da shafi biyu, na sa labarin “ƙasa ina” a farko. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya yi shiru. Ya amince, amma da sharuɗɗa. Hira da mutum 20 kawai, masu shekara 18 zuwa 25, kowa shi kaɗai. Zan yi musu PHQ-9 ɗin ma, amma sai mutum biyu sun fassara ta zuwa Hausa kowa daban, wani na uku da bai taɓa ganin ta asali ba ya mai da ita Turanci, a ga inda ma'ana ta zame. Ya ce in fara duba ko akwai fassarar Hausa da aka riga aka gwada, in akwai in kwatanta da tawa. Ba zan taɓa kowa ba sai takardar kwamitin ɗa'a ta fito. Ya kuma ce in na makara ba ruwansa.

Auwal, na sa maganarka a ciki: ba sunan unguwa, ba sunan gari, ba hoto, kuma kalmar ƙwaya ba za ta hau kan take ba.

Yanzu ku taimaka, tambaya ta biyun nan. Me zan ce maimakon “ƙasa”?

Hafsat:
Baƙin ciki.

Bashir:
Baƙin ciki ya yi kusa da rasuwa ko wani abu da ya faru. Zai ce miki ba wanda ya mutu. Ƙunci fa? Ko “zuciyarka ta yi nauyi”?

Anti Rabi:
Marasa lafiyata “ba na jin daɗin raina” suke cewa, ko “komai ya fita a raina”. Matan kuma “abu ya tokare mini a ƙirji”. Ɗaya ɓangaren tambayar, na fid da rai, ki yi hankali da shi. In kika ce “ka fid da rai da rahamar Allah” ba Musulmin da zai ce e. Ki ce “kana ganin kamar al'amura ba za su gyaru ba”.

Auwal Mile 12:
A kasuwa “jikina ya mutu” ake cewa, ko “kaina ya ɗau zafi”. Amma Sakkwatawa da Kanawa ba lallai su faɗa iri ɗaya ba, ki tambayi kowa garinsu ko da ba za ki rubuta ba. In kina son gwaji kafin na gaske, akwai tsofaffin 'yan acaba uku da suka koma dako a layinmu. Kada ki zo da safe, lokacin sauke kaya ne ba mai kallon ki. Ki zo bayan la'asar. Kuma kada ki fito da wayar ɗaukar murya daga zuwa, za su ɗauka daga hukuma kike.

Anti Rabi:
Ba gwaji sai takarda ta fito, Auwal. Ta je ta gaishe su dai.

Sadiq:
Hira 20, kowace ki zauna ki rubuta ta kalma-kalma, ki fassara. Kin san hirar awa ɗaya na cin wuni guda wajen rubutawa? Allah ya ba ki haƙuri. In kin zo lissafin makin, turo mini, har yanzu SPSS ɗin na kan kwamfutata.

Zainab Agege:
Na gode Yaya Sadiq, zan turo. Auwal, Asabar bayan la'asar in sha Allahu, ni da yayana. Wace ƙofa za mu shigo?

Auwal Mile 12:
Ku tsaya ƙarƙashin gada ku kira ni, zan fito. Ki sa takalmin da ba kya so, an yi ruwa jiya.